Asusun Kyauta, Biyan Wata, Tsarin Kamfani ko Kwamfutarka: Wa Za Ka Ba Amanar Bayananka?

Ranar wata Litinin na leƙa ofishin wani abokina da ke da 'yar makarantar kuɗi, na tarar da sakatarensa ya duƙufa a kan kwamfuta. Jerin ɗaliban da ake bi bashin kuɗin zango ya kwafo gaba ɗaya, da sunaye da azuzuwa da lambobin wayar iyaye da abin da ya rage a kan kowa, ya zuba a ɗaya daga cikin manhajojin ƙirƙirarriyar basira domin ta rubuta wa kowane uba takardar tuni. Kafin shayin da aka kawo mini ya huce, takardu sun fito tsaf. Ni kuwa idona na gefen hagu na allon, inda ake jera tsofaffin hirarraki. Ga wata a kan sakamakon gwajin asibiti, ga takardar neman biza, ga wata da Faransanci, alhali duk ofishin babu mai jin Faransanci. Da na tambaya, sakatare ya ce ai asusun saye suka yi da araha a hannun wani mai talla. Ashe su da mutanen da ba su taɓa gani ba ne ke shiga da kalmar sirri ɗaya, kowa na iya karanta na kowa.

Abokina ya dafe kai, ya ce, "To Malam, in biya dala ashirin ɗin nan a wata mu buɗe namu, shi ke nan na huta?"

Mutane da yawa haka suke ɗauka, cewa wanda ya biya ya sayi sirri. Abin bai kai haka sauƙi ba. Dala ashirin tana saya maka sauri da ƙarin aiki, amma yarjejeniyar da ka sa wa hannu a kan bayananka kusan ita ce ta mai amfani da na kyauta. Zaɓi huɗu ne a gaban wanda ke wannan shawara: asusun kyauta, asusun mutum ɗaya na biyan wata, tsarin kamfanoni, da kuma sauke samfurin basirar, wato ƙwaƙwalwar da ke ba da amsa a cikin manhajar, a kan kwamfutarka. Asusun haɗaka irin na abokina ban sa shi a lissafi ba, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Abin da za ka auna da shi

Tambaya ta farko ita ce ko za a horar da samfurin da abin da ka rubuta, wato a sa shi cikin rubutun da yake koyo daga gare su. Ita aka fi yi wa surutu, kuma tana da tushe. A watan Nuwamban 2023 wasu masu bincike, ciki har da na Google DeepMind, sun umarci ChatGPT ya yi ta maimaita kalma ɗaya ba tsayawa, daga baya ya ɓuge da amayo guntayen rubutun da aka horar da shi da su, har da lambobin waya da adireshin imel na mutane na gaske. An toshe wannan kafar, amma ta nuna cewa abin da samfuri ya haɗiye yana iya dawowa. Kuma magana zarar bunu ce: kana iya goge hira daga asusunka, amma samfurin da aka riga aka horar da ita ba a zare ta daga cikinsa.

Ta biyu, a ganina, ta fi ta farko nauyi duk da ba a cika kula ta ba: har tsawon wane lokaci ake ajiye hirar, kuma wa ke iya buɗe ta? Hirar da ba a horar da komai da ita ba tana nan zaune a rumbun kamfani. Ma'aikacin da ke duba inganci na iya ganin ta, mai kutse na iya sace ta, kotu na iya neman ta.

Wannan ya kai mu ga ta uku, wato dokar wace ƙasa ce ke iko da rumbun. Amurka na da dokar CLOUD ta 2018, wadda ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanonin ƙasar ko da rumbun yana wata ƙasa. Sin na da dokar leƙen asiri ta 2017, wadda ta wajabta wa kamfanoni ba hukumomin tsaro haɗin kai. Tarayyar Turai na da dokar kare bayanai ta GDPR tun Mayun 2018, mai tarar da ke iya kaiwa kashi 4 cikin ɗari na kuɗin shigar kamfani a duniya. Kowane rumbu akwai gwamnatin da ke iya ƙwanƙwasa ƙofarsa, sai dai wasu sai sun bi ta kotu.

Sai ɗorewa. Tukunya ana ƙwanƙwasa ta a ji ko za ta jima, amma a nan alkawari ne ake ƙwanƙwasawa: abin da kamfani ya ce yau, zai iya sauya shi gobe da saƙon imel guda? Kuɗi da sauƙin amfani su ne na ƙarshe, kuma ba sa buƙatar dogon bayani.

Akwai abin da ya rataya a wuyanka kai kanka idan bayanan na wasu ne. A Najeriya dokar kare bayanai ta 2023, wadda hukumar NDPC ke aiwatarwa, ta ɗora alhaki a kan duk wanda ke tara bayanan mutane, ko makaranta ce ko asibiti ko ofishin lauya. Ta ware bayanan lafiya da addini da ƙabila a matsayin masu buƙatar kulawa ta musamman, ta gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da bayanai waje, kuma tararta ga ƙananan masu riƙe bayanai na iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Nijar na da hukumar HAPDP, Ghana na da tata dokar tun 2012. Idan jerin iyayen nan ya fita, ba kamfanin Amurka iyaye za su je su tsare a bakin ƙofa ba.

Asusun kyauta

A nan na fi daɗewa, domin a nan yawancinmu muke, kuma kamfanonin sun sha bamban.

A ChatGPT na kyauta, horarwa da hirarka a kunne take tun daga farko. Kana iya kashe ta a saituna, ƙarƙashin sashen Data Controls, kuma akwai hirar wucin gadi wadda ba ta shiga tarihi ba kuma a horarwa da ita, sai dai kamfanin na iya riƙe ta har kwana 30. Hirar da ka goge ma ƙa'ida ita ce ta ɓace daga rumbunsu cikin kwana 30. Riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Google ya fito fili a shafin sirri na manhajarsa Gemini, ya ce mutane masu duba inganci suna karanta wani ɓangare na hirarraki, ya kuma gargaɗi jama'a kada su shigar da abin da ba sa son a gani. Hirar da mai duba ya riga ya karanta ana iya ajiye ta har shekara 3, ko da ka goge tarihinka. In ba ka taɓa saituna ba, tarihin kan zauna wata 18. In ka kashe ajiyar, ana riƙe hira har awa 72. Na yaba musu da faɗin gaskiya, amma mutum nawa ne suka taɓa buɗe shafin?

Claude na kamfanin Anthropic ya daɗe ba ya horarwa da hirar masu asusun kansu. A ƙarshen Agustan 2025 kamfanin ya sauya ƙa'ida: yanzu mai asusu ne zai zaɓa, in ya amince da horarwa ana iya ajiye bayanansa har shekara 5, in bai amince ba ajiyar kwana 30 ce. Wannan misali ne mai kyau na abin da nake nufi da ɗorewa. Wanda ya zaɓi manhajar a 2024 saboda wancan alkawari, ya wayi gari da wata tambaya a allonsa, kuma mun san yadda yatsa ke saurin danna "na yarda" idan mutum na cikin aiki.

Meta AI shi ya fi kusa da hannu, tunda yana cikin WhatsApp da Facebook da Instagram. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauka kullen da ke tsare saƙonninka da 'yan'uwa ya shafi hirarka da shi. Abin da ka tura wa Meta AI, Meta ka tura wa. A watan Yunin 2025 an yi ta ganin hirarrakin mutane na sirri, na rashin lafiya da na shari'a, a dandalin jama'a na manhajar Meta AI, domin masu su sun danna maɓallin rabawa ba tare da sanin cewa duniya suke nuna wa ba. Kamfanin ya kuma sanar cewa daga 16 ga Disamban 2025 zai riƙa amfani da hirar mutane da Meta AI wajen zaɓar tallan da zai nuna musu, ban da a Tarayyar Turai da Birtaniya da Koriya ta Kudu. Ka duba jerin nan da kyau, babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki.

DeepSeek, wani kamfanin basira na Sin, ya rubuta a ƙa'idarsa cewa yana ajiye bayanai a rumbunan da ke ƙasar Sin. A Janairun 2025 kamfanin tsaro na Wiz ya gano wani rumbunsa a buɗe a intanet ba kalmar sirri, ɗauke da layukan bayanai sama da miliyan ɗaya, har da hirarraki. A watan ne hukumar kare bayanai ta Italiya ta hana shi aiki a ƙasar, sannan Ostareliya ta haramta shi a na'urorin gwamnati.

Ba DeepSeek kaɗai ya taɓa tuntuɓe ba. Ranar 20 ga Maris 2023 wata matsala a ChatGPT ta sa wasu suka ga kanun hirar wasu, har guntayen bayanan biyan kuɗi na kusan kashi 1.2 cikin ɗari na masu asusun biyan wata na Plus da ke kan layi a wasu awanni tara suka bayyana. A tsakiyar 2025 kuma dubban hirarrakin ChatGPT da aka raba ta hanyar mahaɗi suka riƙa fitowa a binciken Google, har kamfanin ya cire zaɓin da ke ba su damar fitowa a bincike.

Kuɗi babu sai na data, sauƙi kuwa ba a magana. Ɗorewar alkawari ce mafi rauni, domin ba ka da abin da za ka riƙe su da shi.

Biyan wata na mutum ɗaya

ChatGPT Plus ya fito a Fabrairun 2023 a kan dala 20 a wata, Claude Pro da tsarin Google na biya su ma a wannan zangon suke, wato kusan dala 240 a shekara. Ga mai karɓar albashi da naira ko sefa wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, ga kuma wahalar katin da zai biya dala, wadda ita ta buɗe wa masu sayar da asusun haɗaka kasuwa.

Abin da kake samu shi ne samfuri mafi ƙarfi, damar loda manyan takardu, da rashin yawan tsayar da kai. Ta fuskar sirri kuwa, kana nan a ajin masu kyauta. Maɓallin horarwa ɗaya ne, sai ka je ka kashe da hannunka. Sauyin da Anthropic ya yi a 2025 ya shafi masu biyan Pro da Max kamar yadda ya shafi masu kyauta. Har ma ina ganin mai biya ya fi shiga haɗari ta wata fuska, domin shi ne ke loda takardar kwangila sukutum, shi ne ke haɗa manhajar da imel ɗinsa da ma'ajiyar fayilolinsa, shi ne kuma ya saki jiki saboda yana jin ya biya.

Mu dawo kan kwana 30 ɗin nan. Jaridar New York Times ta maka OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, a kotu a Disamban 2023 kan haƙƙin mallaka. A Mayun 2025 wata alƙaliya a New York ta umarci kamfanin ya adana duk hirarraki, har da waɗanda masu su suka goge. Umarnin ya shafi masu kyauta da masu Plus da Pro da Team na ƙananan ƙungiyoyi, amma bai shafi masu Enterprise da Edu, wato tsarin manyan ma'aikatu da makarantu, ba. An ɗage shi a ƙarshen Satumba, sai dai abin da aka tara a tsakani yana nan a tsare, kuma daga baya kotu ta ce a miƙa wa lauyoyin masu ƙara hirarraki miliyan 20 bayan an cire abin da zai nuna masu su. Kamfanin ya yi ta ƙalubalantar umarnin, ba da son ransa ya bi ba. Duk da haka, wanda ya goge hirarsa a Yuni yana ganin ta tafi, alhali wata shari'a da ba ruwansa da ita ta riƙe ta. Shugaban kamfanin, Sam Altman, da bakinsa ya faɗa a Yulin 2025 cewa hira da ChatGPT ba ta da kariyar doka irin wadda ke tsakanin mutum da likitansa ko lauyansa.

Tsarin kamfanoni

A nan takardar take sauyawa. Akwai tsarin ƙananan ƙungiyoyi, kamar ChatGPT Team wanda aka ƙaddamar a Janairun 2024 a kan dala 25 zuwa 30 ga kowane ma'aikaci a wata, da sharaɗin mutum biyu aƙalla, daga baya aka sauya masa suna zuwa Business. Akwai na manyan ma'aikatu wanda ake cinikin farashinsa. Microsoft 365 Copilot ya fito a Nuwamban 2023 a kan dala 30 ga mutum ɗaya, ban da kuɗin Office ɗin kansa. Akwai kuma ƙofar masu haɗa manhaja da ake kira API, inda ake biya gwargwadon yawan rubutun da aka sarrafa. Tun 1 ga Maris 2023 OpenAI ya daina horarwa da abin da ya shigo ta API sai in mai shi ya nema.

A duk waɗannan, ƙa'idar farko ita ce ba a horarwa da bayananka, kuma an rubuta haka a cikin kwangila. Kana iya samun yarjejeniyar sarrafa bayanai, takardar da za ka nuna idan hukuma ta tambaye ka a hannun wa ka sa bayanan mutane. Shugaban ofis na iya rufe asusun ma'aikacin da ya bar aiki, abin da ba zai yiwu ba idan kowa da asusun kansa yake aikin ofis. Manyan abokan ciniki har suna iya neman a daina ajiye komai bayan an ba da amsa.

Labarin Samsung ya nuna dalilin da ya sa wannan kasuwa ta bunƙasa. A farkon 2023 wasu injiniyoyinsa suka zuba sirrin manhajar kamfanin da bayanan taro a ChatGPT don neman taimako, a watan Mayu kamfanin ya hana amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorinsa. Ba kutse aka yi musu ba, ma'aikata ne masu son gama aiki da wuri, kamar sakataren abokina.

Kada dai a ɗauka an shiga tudun mun tsira. Bayanan suna barin ofishinka su tafi rumbun wani, a wata ƙasa. Tsarin Team bai tsira daga umarnin kotun New York ba. A Nuwamban 2025 an yi kutse a Mixpanel, wani kamfanin da OpenAI ke amfani da shi wajen ƙididdiga, sunaye da imel na wasu masu API suka fita, ko da yake hirarraki ba su fita ba. Copilot kuma na da tasa matsalar ta cikin gida: yana iya ganin duk fayil ɗin da ma'aikaci ke da izinin gani, don haka idan an bar takardar albashi a babbar jakar da kowa ke shiga, tambaya ɗaya za ta fito da ita. Sannan ma'aikaci ya sani cewa asusun na ofis ne, ba wurin kai kukan gida ba ne.

Ofis mai mutum biyar zai kashe kimanin dala 1,500 zuwa 1,800 a shekara a farashin Team na 2024. Saitawa na buƙatar wanda ya ɗan san kan abin, amfani kuwa daidai yake da na kowa.

Samfuri a kan kwamfutarka

Wasu kamfanoni suna sakin samfuransu kowa ya sauke: Llama na Meta, Gemma na Google, Mistral na Faransa, Qwen na Alibaba, DeepSeek kansa, da gpt-oss da OpenAI ya saki a Agustan 2025. Da manhaja irin Ollama ko LM Studio kana iya sa su aiki a laftop, ka kashe intanet gaba ɗaya, su ci gaba da amsawa. Abin da ka rubuta ba ya zuwa ko'ina. A kula, DeepSeek da ka sauke kake sarrafawa a na'urarka daban yake da manhajar DeepSeek ta waya, na farkon ba ya tura komai Sin.

Ta fuskar ɗorewa babu kamarsa. Fayil ne a hannunka, babu mai aiko maka da sabuwar ƙa'ida, babu kuɗin wata. Kuɗin yana wajen na'ura. Ƙaramin samfuri mai ma'auni biliyan 7 ko 8 (da wannan adadi ake auna girman samfuri), in an matse shi, yakan kai gigabait 4 zuwa 5, zai yi tafiyar hawainiya a kwamfuta mai RAM gigabait 8, ya fi sakewa a 16. Ƙaramin gpt-oss na buƙatar kusan 16. Yana shan batir, fanka na ta kuka, don haka wanda ba shi da sola ko inbata ya sa wannan a lissafi.

Na gwada irin waɗannan ƙanana da Hausa, kuma gaskiya ba su kai ba. Da Turanci suna taƙaita takarda ko tsara wasiƙa yadda ya kamata. Da Hausa sai su fara da kyau, a layi na uku su mayar da mace namiji, a na biyar su ƙirƙiro kalmar da ba ta cikin kowane harshe. Manyan samfuran da ke kan intanet sun fi su nesa ba kusa ba a wannan fanni. Haɗarin kuma ya koma kanka: a sace laftop, ko a kai ta wajen mai gyara a kasuwa da komai a buɗe. Kulle faifan da BitLocker ko FileVault wajibi ne.

| Zaɓi | Kuɗi | Horarwa da hirarka | Ɗorewar alkawari | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Kyauta | Data kawai | Galibi sai ka kashe da kanka | Rauni | Sosai | Ajiya mai tsawo, masu dubawa, talla |
| Biyan wata | Kusan dala 20 | Kamar na kyauta | Rauni | Sosai | Sakin jiki da manyan takardu |
| Tsarin kamfani | Dala 25 zuwa 30 kowane mutum a wata a 2024, ko fiye | Ba a yi sai ka nema | Kwangila a rubuce | Sai an saita | Rumbun waje, kotu, izinin cikin gida |
| Kwamfutarka | Kuɗin na'ura da wuta | Babu | A hannunka | Da ɗan wuya | Sata, mai gyara, raunin amsa |

Farashi da ƙa'idoji na sauyawa, don haka a buɗe shafin kamfanin a duba ranar da za a biya.

Wankin bayanai kafin a zuba

Akwai dabarar da ke rage tazarar da ke tsakanin zaɓuɓɓukan nan, kuma kyauta ce. Sakataren nan bai buƙaci ya ba manhaja sunan kowa ba. Da ya ce ta rubuta masa takardar tuni guda ɗaya mai ladabi, ta bar gurbin suna da aji da kuɗi, sai ya cike guraben a kwamfutarsa. Aikin ɗaya ne, babu abin da ya fita. Amma cire suna kaɗai ba ya isa kullum. Idan ka rubuta cewa mutumin shi ne mai unguwar wuri kaza, yana da mata uku da ciwon sukari, ka faɗi sunansa ke nan ba tare da ka rubuta ba. Hoton takarda ya fi haɗari, domin tambari da sa hannu da lambar NIN ko BVN da ke can ƙasa duk suna tafiya tare.

Ka kuma tsare ƙofar shiga. A 2023 kamfanin Group-IB ya ce ya gano bayanan shiga ChatGPT sama da dubu ɗari ana sayarwa a ɓoyayyun kasuwannin intanet, an sato su ne daga na'urorin mutane masu ƙwayar cuta, ba daga rumbun kamfanin ba. Kalmar sirri ta daban da matakin tabbatarwa na biyu sun fi duk wani dogon nazarin ƙa'ida amfani a nan.

Wa ya dace da wanne

Ɗalibi, marubuci, ko mai ƙaramar sana'a da ke neman bayani, gyaran Turanci ko tsara talla, asusun kyauta ya ishe shi. Ya buɗe da imel ɗinsa, ya kashe horarwa, ya guji maɓallin rabawa. Idan aikin ya yi yawa har ana tsayar da shi, ya biya na wata saboda ƙarfin aiki, yana sane cewa ba sirri ya saya ba.

Mai son tambaya a kan lalurar jikinsa ko rikicin aurensa, ba zan ce kada ya yi ba, domin wani lokaci nan ne kaɗai mutum ke iya buɗe baki. Ya yi a hirar wucin gadi, ba suna, ba gari, ba hoton takardar asibiti, kuma ni dai ba zan kai irin wannan magana inda aka riga aka faɗa mini za a haɗa ta da talla ba.

Makaranta, asibiti, ofishin lauya ko akanta, da ƙungiyar agaji mai jerin sunayen masu karɓar tallafi, duk wanda amanar wasu ke hannunsa, tsarin kamfani ne mafi ƙarancin abin da ya dace da shi, tare da yarjejeniyar sarrafa bayanai a ajiye da ƙa'ida a rubuce ga ma'aikata. In kuɗin ya gagara, wanki ya zama doka: bayanin mutum ba ya shiga, ko ɗaya.

Ɗan jarida mai majiyar da rayuwarta ke cikin haɗari, lauya mai shari'a da gwamnati, ko mai bincike da ya yi wa mutane alkawarin ɓoye sunansu, ya sauke samfuri a kwamfuta mai kulle, ya haƙura da raunin amsa. Wasu takardun ma gara ya karanta su da idonsa.

Abokina dai ya lissafa dala 600 a shekara ga mutum biyu, ya ce kuɗin fentin azuzuwa ne. Ya goge abin da suka zuba a asusun haɗakar, ya buɗe wa ofis asusun kyauta da imel ɗin makaranta, muka kashe horarwa tare. Sakatare ya rubuta a kwali ya manna a jikin allon kwamfutar: ba suna, ba lamba, ba hoto. Takardun tuni na zangon da ya biyo baya da gurabe suka fito, ya cike su da biro.